Shekarar da Na Manna a Bangon Mami

Masu karatu, yau ku adana tausayin da kuka saba yi min, ban cancance shi ba. A wannan karon babu wanda ya cuce ni. Ni na je shagon kafinta da ƙafata na sayo gam, ni na hau kujera, ni na manna wa kaina abin kunya a bangon falon uwata, daidai inda idon baƙo yake fara sauka.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Muringi, shekarata ashirin da takwas, ina zaune da iyayena a Limuru, kusa da Nairobi. Har zuwa bara ni malamar firamare ce, da jakar hannuna da takalmina mai tsini. Yayata Wachuka ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar 'ya ɗaya, Nyokabi, mai shekara tara. Da yake Wachuka ba ta yi aure ba, sunan mahaifiyarmu aka sa wa yarinyar, kamar yadda al'adarmu ta tanada. Shi ya sa Baba yake tsokanarta da "amaryata", ni kuma in ina lallashi nake ce mata "Mami ƙarama".

Tun ranar da aka binne uwarta, Nyokabi ta daina magana a gaban duk wanda ba ɗan gida ba. A cikin gida tana magana, ƙasa-ƙasa. Da ta taka bakin ƙofa sai bakin ya kulle. A makaranta aka ce taurin kai ne, aka mayar da ita bencin baya. Ranar da ta dawo da siket a jiƙe saboda ta kasa buɗe baki ta nemi izinin fita, ranar na rubuta takardar barin aiki. Na ce daga sabuwar shekara ni zan koyar da ita a gida.

"Makaranta a gida?" in ji Mami. "To ki buɗe mana asibiti ma a kicin mana, tunda komai kin iya."

Ita nata tsarin daban. Akwai wata makarantar kwana ta sistocin coci can wajen Nyeri, kuma a ganin Mami, in aka jefa yarinya cikin yara ɗari uku bakinta zai buɗe da kansa. Har ta sayi akwatin ƙarfe shuɗi, ta sa an rubuta NYOKABI da farin fenti a murfinsa, ta tura shi ƙarƙashin gadonta. Kada ku ɗauke ta muguwa. Mami ta binne 'ya ɗaya, tana so ta ga ta aurar da ɗayar da ranta, kuma ta yi imani babu namijin da zai ɗauki mace da makaranta goye a baya.

Namijin da ake maganarsa shi ne Kibe, likitan shanu daga Githunguri. Ranar da na fara ganinsa hannunsa na dama yana cikin saniyar Mami har kafaɗa, ya ɗago ya ce min "ina kwana" kamar wanda ke zaune a ofis. Wata goma sha shida kenan muna tare. Ya san Nyokabi, yana gaishe ta in ya zo duba saniya, ita kuma tana kallon takalmansa na roba ba ta amsawa. Ya san zan koyar da ita. Abin da bai sani ba, saboda ban taɓa faɗa masa ba, shi ne duk gidan da zan shiga da ita zan shiga. Sau nawa na shirya maganar a cikin mota, da gabatarwa da kammalawa. Da na zauna gabansa ya tura min kofin shayi, sai in ji kaina ina tambayarsa farashin dusa.

To, mu zo kan gam.

Muna da ƙungiya a wasap ta iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida. Shugabarmu Maman Zawadi ce, mace mai 'ya'ya biyar da injin sa wa takarda leda. Tun farkon Disamba take turo hotunan jadawalinta, kowane yaro da kalarsa, ƙarƙashi ta rubuta: "Mata, a tsara shekara tun yanzu, ba na son koke-koke a watan Maris." Ni da nake da takardar shaidar koyarwa, ɗaliba ɗaya tal, zan bari matar da ta karanta aikin banki ta fi ni? Na hau matatu, motar hayarmu, na tafi Nairobi, na dawo da manyan kwalaye goma sha biyu, alƙaluman kala dozin ɗaya, da rula mai tsawon ƙafata.

Bayan Kirsimeti Mami da Baba suka tafi Nyeri gaishe da dangi na kwana huɗu. Ni da Nyokabi muka ture kujeru, muka baje a ƙasa. Sati talatin da shida, zango uku, kowace rana da akwatinta. Lissafi shuɗi, karatu ja, Kiswahili ruwan goro. Na rubuta ranar da za mu je gonar shayi, ranar da za mu auna ruwan sama, har ranar da za mu gaji na ware mata wuri. Nyokabi ce mai kula da alƙaluma, kuma ba ta wasa da aikinta. In na ajiye ɗaya babu murfi sai ta ɗauka ta rufe, ta harare ni.

Da a nan na tsaya da lafiya lau. Amma alƙalami yana hannuna, gida babu kowa, zuciya tana ta kawo shawara. Na ɗauki kore na rubuta a kowace Juma'a ta shekarar: "Kimiyya, tare da Kibe." Ban tambaye shi ba. Na zo watan Agusta, na ga hutun nan fili fetal, na zana zuciya ƙatuwa na rubuta a ciki: "Biki. A gama cikin sati biyu, karatu zai ci gaba Litinin." Mutumin da ko watan bai taɓa ambata ba. Daga Satumba, a layin da ake rubuta wurin karatu, na sa: "Gidanmu, Githunguri." A ƙasan kwalin ƙarshe kuma na zana taswirar gidan nasa, wanda sau biyu kawai na taɓa shiga, na kori firjin magungunansa daga ɗakin da ke kallon gabas, na rubuta "Ɗakin Nyokabi, aji da kwana."

Akwai abu ɗaya da na rubuta da ƙananan baƙaƙe a sati na talatin, cikin Oktoba, lokacin da Nyokabi ta fita ba kaji hatsi. "Buri: ta yi wa baƙo ɗaya magana da bakinta." Na daɗe ina kallon layin kafin in ci gaba.

Muka liƙa kwalayen da salatif. Da safe muka tarar da su a ƙasa. Muka sake, suka sake faɗowa. Duk wanda ya kwana a Limuru ya san bangonmu ba ya bushewa, danshi ne daga Janairu zuwa Janairu. Mai hankali zai ce a mayar da su ɗakina. Ni sai na ce ai Maman Zawadi a falo ta sa nata. Na sayo gam ɗin da ake haɗa katako da shi, na shafe bayan kowane kwali tas, na danna su a bangon da Mami ta sa aka yi wa sabon fenti ruwan madara saboda Kirsimeti. Na ja baya na riƙe ƙugu. Na ɗauki hoto daga nesa na tura ƙungiya, Maman Zawadi ta turo min tafi uku, na kwana ina jin kaina.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Saƙon Kibe ne.

"Malama, kin tashi lafiya? Mutanenmu za su zo ganin gida ranar Asabar. Baba ya yi magana da babanki jiya."

Na goge hannu na sake karantawa. Ganin gida a wajenmu shi ne matakin farko na neman aure. Na rubuta: "Wace Asabar?"

"Wannan. Mu goma sha huɗu. Tata Wangechi ce za ta jagoranci mata."

Tata a yarenmu 'yar'uwar uba ce ko ta uwa. Tata Wangechi yayar babansa ce, shekara talatin da ɗaya tana shugabar makaranta kafin ta yi ritaya. Kibe ya taɓa gaya min har katin gayyatar biki in an kai mata sai ta gyara shi da jan biro ta mayar. Na juya na kalli bangon, zuciyar nan ta Agusta tana kallona, jawur.

Na rubuta: "Kibe, akwai maganar da ya kamata in faɗa maka tun tuni." Na goge. Na rubuta: "Game da Nyokabi." Na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne: "Ku zo da laima."

"To, ranki ya daɗe," ya amsa, da hoton saniya tana dariya.

Da yamma su Mami suka dawo. Ta shigo da buhun dankali a hannu tana faɗin labarin zuwan baƙi tun daga ƙofa, sai idonta ya sauka a kan bangon. Ta ajiye buhun a hankali. Ta ciro tabarau. Ta fara daga Janairu, tana tafiya a gefen bango kamar mai duba gawa, har ta isa Agusta.

"Ngai!" Sunan Allah ta kira da yarenmu. "Muringi!"

"Mami, bari in yi miki bayani."

"Kin sa ranar aurenki? Ke kaɗai? Da alƙalamin yara?"

"Tsari ne kawai, ana iya canzawa."

"To canza. Cire min shi yanzu-yanzu."

Na kama gefen Janairu na ja. Ya taso da fenti, da filasta, da wani ɓangare na bangon da ban san sunansa ba. Ƙura ta zubo kan kujera. Baba ya leƙa ramin ya ce, "Wannan kafintan ya san gam. A ina shagonsa yake?" Mami ta yi masa kallo ɗaya, ya ɗauki jaridarsa ya fita duba saniya.

Ta zaunar da ni, ta yi min tatas. Ta ce dangin Kibe mace suke zuwa nema, ba su san da wata yarinya ba, kuma ba daga bakinta za su ji ba. Ta ce ranar Asabar Nyokabi za ta zauna a kicin tare da masu girki, ni kuma in rufe bakina in yi murmushi. Ranar Litinin Baba zai kai yarinyar Nyeri.

"Ba ta iya cewa tana jin fitsari, Mami. Wa zai ji ta a can?"

"Za ta koya." Ta kau da kai. "Na rasa ɗaya. Ba zan zauna ina kallo ki tsufa a gidan nan kina manna takardu ba."

Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin shuɗin nan, ƙarfensa yana kuka a kan siminti, ta ajiye shi a lungun da ke bakin ƙofar kicin. Ni kuwa, jarumar da ta ajiye aiki cikin minti biyar, sai na ɗauki tsintsiya na hau share ƙurar filasta.

Aka yanke shawarar rufe bangon. Mami ta fito da sababbin zannuwan leso guda huɗu masu ruwan bula. Na ce a kafa ƙusoshi. Ta ce bangonta ya sha wahalar da ta ishe shi, ko allura ba za a ƙara soka masa ba. Da me muka liƙa su? Da salatif. Ni da na san halin salatif a gidan nan fiye da kowa, ni na miƙa mata almakashi.

Muna cikin liƙawa Nyokabi ta ja gefen rigata.

"Tata," ta ce, can ƙasa, "in kin tafi gidan mai shanu, bangon zai bi ki?"

"Bango ba ya tafiya, Mami ƙarama."

Ta gyaɗa kai kamar dama ta sani. Ta tattara alƙalumanta goma sha biyu, ta duba murfin kowanne, ta zuba a aljihun rigar sanyinta. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka, don tsoro nake ji, kuma ina jin kunyar tsoron.

Asabar ta zo da yayyafi. Na sa doguwar riga ruwan ƙasa mai wuri a wuya da Mami ta ɗinka min, da 'yan kunnen Wachuka, da takalmin da ya matse min ɗan yatsa. Gidan ya cika da ƙamshin gurasar chapati da naman akuya, an tuƙa mukimo, tuwonmu na dankali da masara da wake, tukunya biyu. Wajen ƙarfe ɗaya muka ji waƙa a bakin get. Matan su Kibe ne, kowace da kwandon kiondo a baya cike da gari da sukari, suna roƙon a buɗe musu. Matanmu suka amsa daga ciki, aka ja musu rai yadda ya kamata, sannan aka buɗe.

Ba sai an nuna min Tata Wangechi ba. Doguwa ce, gashinta fari tas a ɗaure baya, ta shigo tana kallon gidan kamar ta zo duba tsaftar aji. Kibe yana can baya cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa, ya yi aski har kunnuwansa sun fito. Bai taɓa shiga falonmu ba sai ranar, saurayi ba ya wuce garken shanu kafin manyansa su zo.

Aka ci, aka sha shayi, aka yi addu'a mai tsawo. Mutum kusan talatin a falo, tagogi a rufe saboda sanyi, tururi yana tashi daga kofuna. Ina daga bakin ƙofa ina leƙe, na ga gilashin taga ya fara zufa. Na kalli bango. Kusurwar leso ta sama ta ɗan saki, ta sunkuyo kamar kunnen akuya.

Sai aka ce a kira yarinyar da aka zo dominta. Na shigo kaina a ƙasa, na tsaya a tsakiya. Baba ya gyara murya, ya yi tambayar da ake yi wa kowace 'ya a irin wannan rana.

"Muringi, waɗannan mutane sun ce saboda ke suka zo. Kin san su? Mu karɓi abin da suka kawo?"

Na buɗe baki kenan na ji "tsss" a bayana. Leso na farko ya sulale. Ya ja na biyu, na biyu ya ja na uku. Na huɗun ya sauka a kan wani kawun Kibe ya rufe shi har gwiwa, da kofinsa a hannu.

Tata Wangechi ta ajiye kofi, ta buɗe jaka, ta sa tabarau, ta miƙe.

"Wannan jadawalin karatu ne," ta ce.

"Wasan yara ne kawai, surukata," in ji Mami da sauri. "A ƙaro miki shayi?"

"Ba wasa ba ne. An raba zango daidai." Ta bi layi da yatsa, tana karantawa da muryar da take kiran sunaye a taron safe. "Juma'a, kimiyya, tare da Kibe. Juma'a, Kibe. Kibe. Kibe." Ta waiga. "Ɗana, yaushe ka fara koyarwa?"

"Yanzu nake ji, Tata."

'Yan matan da ke bayan kujeru suka fara toshe baki. Ta isa Agusta. Na roƙi Allah ya ɗauke wutar idonta na minti ɗaya, bai amsa ba.

"Biki. A gama cikin sati biyu, karatu zai ci gaba Litinin." Ta cire tabarau ta kalli baban Kibe. "Ƙanena, ashe mun makara. Mu muna zuwa ganin gida, an riga an sa rana."

Dariya ta fashe, har kawun da ke cikin leso. Da ƙasa ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Amma Tata ba ta yi dariya ba, ta riga ta sunkuya kan taswirar. Ta daɗe a wurin.

"Wace ce Nyokabi? Na san sunan uwar gidan nan kenan, amma ba na jin ita za a ba ɗaki da aji."

"Jikata ce," in ji Mami. "'Yar marigayiya. Jibi za ta tafi makarantar kwana, ga akwatinta can. Babu abin da zai bi ɗanku gida sai matarsa."

Masu karatu, wata goma sha shida ina neman wuri mai kyau, lokaci mai kyau, da kalmomi masu kyau. Ga inda na ƙare: gaban mutum talatin, da takalmi yana cizona, da zuciyar da na zana a bayana.

"Ba za ta tafi ba," na ce. "Baba, na san su, kuma ina son ɗansu. Amma yarinyar nan ba ta iya magana a gaban baƙi tun da uwarta ta rasu. Ni nake jin ta. Duk inda zan je da ita zan je. Ban faɗa wa Kibe ba saboda tsoro nake kada ya fasa, sai na faɗa wa bango. In hakan bai yi muku ba, kada a sauke kwandunan."

Mami ta rufe fuska da gefen mayafinta. Baban Kibe ya kalli ƙasa. Kibe kuwa ya tashi, ya nemi izinin manya, ya zo ya tsaya gaban bangon, hannayensa a baya. Ya karanta tun daga ramin Janairu. Ina kallon bayan wuyansa ina ƙirga numfashina.

"Wannan ba zai yiwu ba," ya ce.

Ya ɗora yatsa a kan sunansa da na rubuta da kore.

"Juma'a nake zagayen allura, ba na dawowa sai yamma. Sai dai Asabar." Ya sunkuya kan taswirar. "Ɗakin gabas kuma yana yoyo. Na kudu na gyara, tun Nuwamba na sa masa sabon rufi da kanta ta littattafai."

Na saki baki. "Wa ya faɗa maka?"

"Malama, sau uku kina tambayata wace taga ce rana take fara shiga a gidana. Ke da ba kya tashi sai an tashe ki." Ya ɗan yi murmushi. "Marasa lafiyata duka ba sa magana. In na jira sai an faɗa min, da na daɗe da barin aikin."

Ya juya wajen Baba. "Baba, yarinyar sunan Mami take ɗauke da shi. Kenan surukata ce. Ban ga yadda zan zo neman aure gidan nan in bar surukata a kicin ban gaishe ta ba."

Ba sai an je kiranta ba. Tana tsaye a lungun, a bayan akwatin shuɗi, ban san tun yaushe ba. Kibe bai matsa kusa da ita ba. Ya haɗa hannayensa ya rusuna daga nesa, yadda ake yi wa uwar mata.

"Surukata, barka da gida. Ina neman izini in gyara ranata a jadawalinki."

Ta kalli takalmansa, yau ba na roba ba ne. Ta kalle ni. Sannan ta zagayo akwatin, ta ratsa tsakiyar mutanen nan duka da ƙafafunta cikin safa, ta sa hannu a aljihu ta zaɓo koren alƙalami ta miƙa masa.

Ya durƙusa ya fara soke Juma'a yana rubuta Asabar. Tata Wangechi ta tsaya a kansa, ta ciro jan bironta.

"Ni ban yarda da makarantar falo ba," ta ce, tana kallona. "Shekara talatin da ɗaya ban ga inda aka yi haka aka ci riba ba. Amma ban taɓa yanke wa malama hukunci ban ga darasinta ba." Ta rubuta sunanta a akwatin farko na shekarar. "Litinin, ƙarfe takwas. Zan zauna a baya. In abin wasa ne, ni da kaina zan taya uwarki ɗaukar akwatin can."

"Na yarda, Tata," na ce, kamar ina da darasin. Kwana da kwanaki na yi ina ja wa shekara layi, ban shirya ko minti goma na ranar farko ba.

Kibe ya gama Asabar ta ƙarshe, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ajiye alƙalamin a kan tebur kusa da farantin chapati. Murfin yana can gefe. Baban Kibe ya buɗe baki zai yi magana.

"Rufe shi. Zai bushe."

Ba ƙasa-ƙasa ba. Da murya sosai, da harara, irin wadda take yi min. Kowa ya ji. Kibe ya tsaya cak, sannan ya ɗauki murfin da hannu biyu ya rufe, ya ce, "Yi haƙuri, surukata." Baƙin ba su san abin da ya faru ba, wasu ma dariya suka yi. Amma Baba ya cire tabarau yana goge su da gefen kwat, ya daɗe yana gogewa. Mami ta miƙe ta ce za ta duba shayi, ta wuce ta gefen akwatin ba ta kalle shi ba, muna jin kukanta daga kicin.

An sauke kwandunan. Akwatin yana nan a lungunsa, ba a mayar da shi ƙarƙashin gado ba, kuma jibi da ƙarfe takwas matar nan za ta zauna a bayan falonmu da jan bironta.

Da baƙi suka tafi na koma gaban bangon, na nemo sati na talatin, cikin Oktoba, inda na yi ƙananan baƙaƙen nan. Wata tara na ware wa maganar, da matakai, da kala. Yarinyar nan ta yi ta kwana biyu kafin a buɗe makaranta, saboda murfin alƙalami. Ta rushe min tsari gaba ɗaya, kuma ba ya ciruwa.

Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta karanta layin a karo na farko. Ta ɗago ta kalle ni.

"Tata, kuka kike yi?"

"Gam ne ya shiga min ido."

Ta laluba aljihu ta miƙo min ja. "To soke shi. Ki rufe in kin gama."